Shuɗin Keken Baffa

Tun ina ƙarami na san akwai keke a rataye a rufin soron Baffa, amma ban taɓa ganin jikinsa ba. Babu taya, babu sirdi, babu sarƙa. Firam ne kawai, wato ƙashin keken, an naɗe shi da leda tun daga wuya har ƙafafun baya, an bi ledar da tsagaggen tub na taya an ɗaure tam, ya koma kamar ƙafar da mai ɗori ya gama da ita. Igiya biyu ke riƙe da shi a jikin azara.

Baffa yayan mahaifina ne, a hannunsa na tashi bayan mahaifin nawa ya rasu. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a wata masaƙa a Kano, a can ya sayi keken a hannun wani baƙo da zai koma ƙasarsu. Keken tsere ne, mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi, ba irin namu da ake ɗora wa buhun taki ba. Ranar Lahadi shi da abokansa sukan fito daga birni da sassafe, su taka har Bici su koma kafin rana ta yi zafi. Da kakanmu ya rasu aka kira shi gida ya riƙe gandu. Hanyoyinmu yashi ne, siririyar taya ba ta tafiya a cikinsa. Kayan keken suka riƙa bin hannun mutane, wannan ya ari sirdi, wancan ya ari birki, har ya rage firam. Shi kam ya ce ba mai taɓa masa.

A wajenmu duk wanda ya sayi sabon keke sai ya naɗe shi da leda don kada fenti ya goge. Wani har keken ya tsufa ba zai sake ganin launinsa ba, ya dai san yana nan a ciki. Baffa ma haka ya yi wa nasa, sai dai shi bai tsaya a naɗi ɗaya ba. Kowace kaka, in an gama kai amfani rumbu, sai ya sauko da shi ya kakkaɓe, ya ƙara sabuwar leda a kan tsohuwa, ya mayar. Bai taɓa buɗewa ba. Ya ce iska ce ke cinye fenti.

A shekarata ta biyu a kwaleji na dawo hutun mako uku, damina ta yi tsakiya, gero ya kai ƙirji. Na tarar idon Baffa ya ƙara ja baya. Hawan jinin ido ne, likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na hagu ya rufe gaba ɗaya. Na dama ya rage masa ɗan gani a tsakiya, ya ce kamar mai leƙe ta kafar ƙofa.

Washegari da safe yana zaune a bakin zaure da kofin kokonsa ya kira ni.

“Malam,” haka yake ce mini tun da ya ga ba na rabuwa da littafi, “sauko mini da keken nan.”

Na ce, “Baffa, ai kaka ba ta yi ba.”

“Ba ƙari za a yi ba, warwarewa za ka yi. Ina so in ga shuɗin nan tun idon yana ɗan kamawa. Kai na zaɓa don hannunka ba ya gaggawa. In na ba ƙannenka, da wuƙa za su bi shi kamar masu fiɗar akuya.”

Ya sha koko, ya yi murmushi shi kaɗai.

“Ba ka taɓa ganin irinsa ba. Ba shuɗin rini ba ne, ba na bula ba. In rana ta doke shi sai ka ga kamar akwai ruwa a ƙarƙashinsa. Ka goge shi tas, ka kawo mini nan cikin rana.”

Na kai firam ɗin ɗakin ajiya da ke bayan rumbu, na shimfiɗa buhu, na fara. Ban yanka komai ba, kowane ƙulli sai da na kwance shi da farce. Ledar sama ta buhun taki ce. Ƙarƙashinta ta burodi, ƙarƙashin wannan wata baƙa da ta riga ta fara rududdugewa. Kowacce na cire sai in ninke in ajiye gefe. Da na yi nisa sai na ji wari irin na tsohon tulu. Na ɗaga wata leda, ruwa ya ɗigo a bayan hannuna, ja kamar an jiƙa kanwa da goro.

Na tsaya. Na daɗe ina kallon ɗigon nan kafin in ci gaba.

Naɗin ƙarshe, wanda Baffa ya yi da hannunsa yana saurayi, ya manne da ƙarfen. Da na ɓamɓare shi sai ya taho da ɓawon tsatsa. Na bi bututun sama, na bi na ƙasa, na juya ƙafafun baya. Ko'ina ja ne da baƙi. Inda fenti ya rage ya kumbura ya zama toka-toka, ana taɓawa yana zuba. Babu shuɗi ko na ƙwayar gero.

Ban sha wahalar gane abin da ya faru ba. Rufin soron yana ɗan yoyo kowace damina. Ruwa yana bin igiya ya shiga cikin leda, ledar kuma ba ta barinsa ya fita. Kowace sabuwar leda da Baffa ya ƙara, ƙara tsare ruwan ta yi.

Ni mutum ne da ko a aji in na san amsa ba na ɗaga hannu. Ban taɓa ce wa Baffa ya yi kuskure ba, ban ma san da wace kalma ake fara irin wannan maganar ba. Na rufe firam ɗin da buhu, na ja ƙofa.

Da yamma ya ce, “An kai ina, Malam?”

Na ce, “Ana kai, Baffa. Ledar da yawa.”

“Bi a hankali.”

Kwana uku ina ba shi wannan amsar. Ina shiga ɗakin in ɗauki tsumma da kananzir in yi ta gogewa, wai ko akwai fenti a ƙarƙashin tsatsar. Abinci ya daina shiga. In na ji sandarsa tana doso bayan gida sai in yi maza in rufe firam ɗin da buhu, alhali bayan gida kawai zai zaga.

Inna, matar Baffa, ita ta fara ganewa. Ta ga jan ruwan da nake zubarwa a gindin danga. Ta leƙo ɗakin ba sallama, ta ɗaga buhun, ta duba, ta mayar.

“Ni ban ga komai ba,” ta ce. “Amma da kananzir kake so ka fitar da wannan? Sai ka shekara.”

Ta tafi ta dawo da ƙwarya cike da jiƙaƙƙiyar tsamiya da soson ƙarfe.

“Da shi nake wanke tukwanen da suka yi tsatsa. Ka shafa ka bari ya ɗan jima, sannan ka goge, ka busar nan take. Kuma ka ci tuwonka, yana tambayata ko ba ka da lafiya.”

Na ce, “Inna, ko ke za ki gaya masa?”

“Ni ya ba aikin?”

Tsamiyar ta yi aiki. Tsatsa ta riƙa sauka, farin ƙarfe yana fitowa, amma duk ya yi ƙananan ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. A nan na fara ganin irin aikin da aka yi wa keken. Duk inda bututu ya haɗu da bututu akwai wata 'yar hular ƙarfe mai yankan ado kamar zanen lalle, da siririn layin tagulla a bakinta. Na duba a wayata, inda ake samun sabis a kan tudun bayan gari, na karanta cewa ba walda aka yi wa irin waɗannan ba, narkakkiyar tagulla aka zuba ta riƙe haɗin. Bututun kuma siriri ne ƙwarai. In na ɗan buga da farce sai ya yi ƙara kamar kofin gilashi. Na bi shi taku-taku ina bugawa ina saurare, ina tsoron in ji inda ya rube. Bai huje ba ko'ina. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, sai dai ba ƙarfe Baffa ya ce yana son gani ba.

Ranar kasuwar Tsanyawa na naɗe firam ɗin a buhu na fita ta ƙofar baya, na shiga bas na rungume shi a cinya. Akwai wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwar, shekararsa da yawa a rumfar nan, kuma ya san Baffa. Na gaishe shi na durƙusa, na buɗe buhun.

Ya ɗaga firam ɗin da yatsa biyu, ya jinjina.

“Wannan ai ba nauyi, kamar kara. Na Baffanka ne, ko? Wanda ya yi wa likkafani da ransa.”

Mutanen da ke zaune a benci suka yi dariya. Na sunkuyar da kai na faɗa masa abin da ake ciki, murya ƙasa-ƙasa, har sai da ya ce in ɗaga.

“To, Farfesa, abin ai mai sauƙi ne. A tara kara a cinna wuta a jefa shi ciki, sauran fentin da dattin duk su ƙone. A bi da samfefa. Ga shuɗin fenti nan ya rage mini na ƙofar wani shago. Kwana biyu ya bushe. Ka kai masa ka ce ga kekensa.”

“Zai gane, Baba.”

“Da wane idon? Ka faranta wa tsoho rai, Allah ya ba ka lada. Haka muke yi wa kowane keke.”

Gaskiya ya faɗa, haka suke yi, kuma kekunanmu masu kaurin ƙarfe ba abin da wuta ke yi musu. Bai jira amsata ba. Ya miƙe ya jawo damin kara daga bayan rumfa, ya karya ya tara, ya ɗora firam ɗin a kai. Ina tsaye ina kallo. Na san wuta za ta iya sassauta tagullar ta kuma lanƙwasa bututun. Na san shi ma dattijo ne sa'an Baffa, ga mutane suna kallo. Ya laluba aljihu ya fito da ashana.

Ban san lokacin da na sa hannu na ɗauke firam ɗin daga kan karan ba.

“Baba, a yi haƙuri, a bari tukuna.”

Ya dube ni da ashana a hannu.

“Au, a littafi an ce kada a ƙona?”

“An ce haɗinsa na tagulla ne.”

Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya kankare bakin haɗin da farce.

“Tagulla ce kuwa.” Ya juya wajen na kan benci. “Kun ga amfanin kai yaro makaranta, ya dawo ya hana ka kunna wutarka.” Ya miƙo mini. Sannan ya zuba fentin a wani ɗan gwangwanin madara ya toshe da leda. “Tafi da wannan dai. In ka gama tunanin, buroshi ba ya wuya.”

Na karɓa, don ba a mayar wa babba kyauta. Kuma gaskiya ina so.

Gwangwanin nan ya kwana shida a ƙarƙashin gadona. Kullum sai na buɗe na duba. Shuɗi ne mai kyau. Na gwada a jikin wani tsohon faranti, ya kwanta sumul. Na riƙa ce wa kaina ai ba ƙarya zan yi ba, zan ajiye masa ne a gaba in yi shiru, shi zai faɗi abin da ya gani. Sai in tuna dalilin da ya sa ya zaɓe ni. Hutu yana ƙarewa, Baffa kuma ya daina tambaya, wannan ya fi tambayar damuna.

Akwai abu ɗaya da ban cire ba a jikin firam ɗin. A bututun ƙasa, kusa da wuya, akwai wani zoben ƙarfe da ke riƙe 'yan sandunan canja giya. Sandunan sun daɗe da tafiya, zoben ya rage, ƙusarsa ta ci tsatsa ta ƙi motsi. Ko fenti zan yi ko ba zan yi ba, ba na iya barin aiki da saura. Kullum safe da yamma sai in ɗiga mata kananzir da baƙin mai, in ɗan ƙwanƙwasa, in gwada. Ina tsoron in matsa kan ƙusar ya cinye, ko in lotsa bututun. Ana saura kwana biyu in koma makaranta, da hantsi, ta yi wata 'yar ƙara ta juya.

Na buɗe zoben a hankali na zare shi.

A ƙarƙashinsa akwai shuɗi. Faɗin yatsa biyu, ya zagaye bututun. Zoben ya matse wurin tun daga masana'anta, ruwa bai sami hanya ba. Na goge da gefen rigata na kai bakin ƙofa. Rana ta doke shi, na ga abin da Baffa yake faɗa, kamar akwai ruwa a ƙarƙashinsa. Na ɗauko farantin da na gwada fentin ƙofa na kara kusa. Ko makaho da rabin ido ba zai haɗa su ba. Na tuna karan da aka tara a Tsanyawa.

Ban bari na yi dogon tunani ba, don na san in na yi zan fasa. Na shafe sauran ƙarfen da mai, na goge, na ɗauka na nufi zaure. Baffa yana bakin ƙofa a kan buzunsa. Inna ta biyo ni ta tsaya daga ciki.

Na durƙusa na ajiye masa a cinya.

“Baffa, ga shi. Amma akwai magana.”

Ya ɗora tafin hannu a bututun sama ya shafa daga wuya zuwa baya. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan ramukan, sun koma, sun sake bi.

“Ina fentin?”

“Tsatsa ta cinye shi, Baffa. Tun ranar farko na gani, na kasa faɗa.”

“Duka?”

“Saura kaɗan.”

“Me ya kawo tsatsa cikin leda?”

Na ce, “Ledar ce. Ruwa yana bin igiya ya shiga, ita kuma ta hana shi fita.”

Ina jin kukan awaki a turke da muryar masu noma daga gonar maƙwabta. Ban ɗaga kai ba. Ina jiran ya ce ni na ɓata, ko ya ce in tashi in ba shi wuri.

“Kenan duk kakar da na ƙara masa leda,” ya ce a hankali, “ƙara shayar da shi nake yi.”

Inna ta gyara tsayuwa.

Na kama hannunsa, abin da ban taɓa yi ba, na kai yatsansa kan wurin zoben.

“Nan ne ya rage.”

Ya ji santsin wurin. Ya ɗaga firam ɗin da hannu biyu, ya juya jikinsa wajen rana, ya kawo shi kusa da idon dama, ya matsar, ya karkata kai yana nema. Ya daɗe bai samu ba. Ni kuwa ina tsoron ko mun makara, ko kwanakin da na ɓata ina ɓoye-ɓoye sun tafi da sauran ganin. Can sai kansa ya tsaya cak.

“Shi ne,” ya ce.

Ya riƙa juya bututun a hankali, shuɗin yana wucewa ta gaban idonsa har ya zagayo.

“Hajiya, zo ki gani. Kin ce ƙarya nake yi.”

“Ni ban ce ƙarya ba,” in ji Inna. “Na ce shekara da shekaru ina share ƙarƙashin abin da ban san kamarsa ba.” Ta sunkuya ta duba. “Ashe dai yana da kyau. Ɗan kaɗan ne kuma.”

“Idon da ya rage mini ma bai fi haka faɗi ba.”

Na gaya masa maganar gwangwanin fenti, don kada ya ji a bakin mai gyaran keke. Ya yi 'yar dariya ta hanci.

“Fentin ƙofa? A kai wa ƙofa.”

Ya ce kada a yi wa sauran ƙarfen komai, a bar shi da ramukansa. Na buga ƙusa biyu a bangon zaure, inda ba yoyo kuma hannunsa zai kai, na rataye shi a nan. Na nuna wa Inna kwalbar man da tsumman, na ce sau ɗaya a mako ya isa.

Ranar da zan koma kwalejinmu a Bici na zo yi masa sallama da jakata a kafaɗa. Na same shi tsaye a gaban firam ɗin, yatsansa a kan shuɗin. A ɗaya hannun yana riƙe da wata 'yar farar leda da ya ninke.

“Malam, nan wurin kawai. Ko a ɗan rufe shi, kada iska ta cinye?”

Na tuna ranar kasuwar nan. Na dubi ledar, na dubi ƙasa.

“A'a, Baffa. A bar shi a buɗe.”

Ya juya ledar a hannu, ya sake juyawa. Sannan ya miƙo mini.

“To, riƙe ta, ka zuba gyaɗar da Innarka ta soya maka. Ka yi sauri kada motar ta cika.”